‘Lather’: Kalmar Turanci da ta taso daga kumfar sabulu ta kai ga tashin hankali

Wata rana da yamma, ana dab da rufe aikin ranar, wani matashin abokin aikinmu ya miƙo mini labarin da ya fassaro daga Turanci domin in duba. Kanun asalin labarin yana cewa ne: “Traders in a lather over new import levy.” Shi kuwa ya rubuta: “’Yan kasuwar fata sun koka kan sabon harajin shigo da kaya.” Na bi labarin daga sama har ƙasa, ban ga inda aka ambaci fata ko ƙirgi ko majema ba. Da na kira shi, sai ya ɗora yatsa a kan kalma ta huɗu, yana mai cike da yaƙinin cewa ai “leather” ce aka yi kuskuren bugawa. Da labarin ya fita a haka, da dillalan fata sun kwana cikin zullumi a kan harajin da ba a ware su a cikinsa ba, mu kuma mu wayi gari muna neman afuwa.

Ban ga laifinsa sosai ba. Kalmar “lather” tana cikin kalmomin da kusan kowa ke cin karo da su a jikin kwalin sabulu da kwalbar man wanke gashi, amma ba kasafai malamin Turanci ke tsayawa a kanta a aji ba. Ga ta gajeriya, ga kuma ’yan uwa masu kama da ita da yawa, sannan ma’anoninta sun rarrabu ta yadda wanda ya san ɗaya kawai zai iya ɓata idan ya gamu da sauran. Saboda haka na ga ya dace mu warware ta, domin amfanin ɗan kasuwar da ke karanta bayanin kaya, da ma’aikacin da ke rubuta takardar ofis, da kuma duk mai bibiyar jaridun Turanci.

Kumfa ɗaya a Hausa, sunaye da yawa a Turanci

Ma’anarta ta farko, wadda ita ce uwar sauran, ita ce kumfar sabulu: farar kumfa mai kauri da laushi da ke tasowa idan aka murza sabulu da ruwa, musamman a kan fata ko gashi ko gemu. Bahaushe yana kiran wannan kumfa, kamar yadda yake kiran ta saman madara, da ta bakin teku, da ta bakin mai farfaɗiya. Kalma ɗaya ta wadatar da mu. Bature kuwa ya rarraba abin gida-gida. “Foam” ita ce babbar rumfa, tana ɗaukar kusan kowace irin kumfa, har da soson katifa, abin da ya sa a kasuwanninmu ake kiran katifar kanta da wannan suna. “Froth” ita ce wadda ke hawa saman abin sha, irin wadda mai shayi ke tayarwa idan ya sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi. “Suds” ita ce ta cikin bahon wanki, wato ruwan omo da ya cika da kumfa. “Bubble” ƙwaya ɗaya ce tak, irin wadda yara ke hurawa ta tashi sama. “Scum” kuwa ba abin so ba ce, ita ce dauɗar da ke taruwa a saman ruwa.

A cikin wannan dangi, gurbin “lather” ƙunci gare shi. Ba a cewa shayi ya yi ta, ba a cewa teku ya yi ta sai dai a bakin marubuci mai son siffantawa, balle a kira katifa da ita. Wurinta shi ne banɗaki da shagon aski, sai kuma jikin doki, wanda za mu zo kansa.

A matsayin suna, yawanci tilo take zuwa, kuma sau da yawa da “a” a gabanta: “a rich lather”, kumfa mai yawa da kauri, “work up a lather”, a murza har kumfa ta tashi. Da wuya a ji jam’inta. Tana kuma zama aikatau, inda take bin ƙa’ida ba tare da wata karkata ba: “lathered”, “lathering”. Aikatau ɗin fuska biyu gare shi. Idan aka ce “This soap lathers well”, sabulun ne da kansa yake kumfa sosai, babu wanda aka yi wa aikin. Idan kuwa aka ce “The barber lathered his chin”, to mai aski ne ya shafe haɓar mutumin da kumfa kafin ya ɗora aska. Turawa ma suna da tsohon karin magana a kan haka, mai cewa gemun da ya sha kumfa da kyau an riga an yi rabin askinsa, wato shiri mai kyau shi ne rabin aiki.

Wannan aikatau ne ya cika takardun faɗakarwa a 2020, lokacin annobar korona. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta kasa wanke hannu mataki biyar: jiƙawa, sai “lather”, sai cuɗawa na aƙalla daƙiƙa 20, sai ɗaurayewa, sai busarwa. Na ga fassarori da dama da suka mayar da mataki na biyu “sa sabulu” kawai. Wannan ya gaza. Abin da ake nufi shi ne a murza har kumfa ta lulluɓe tafi da bayan hannu da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Mutum na iya taɓa sabulu ya ajiye ya ce ya sa sabulu, alhali bai cika umarnin ba. Ma’aikatan lafiya da malaman firamare da ke shirya takardu domin Ranar Wanke Hannu ta Duniya, wadda ake yi duk 15 ga Oktoba tun daga 2008, ya kamata su lura da wannan gibi.

Furuci, da ’yan uwan da ke ruɗarwa

Matsalar ta fi tsanani a baki. Harufan “th” na tsakiyar kalmar sauti ne da babu shi a Hausa, amma duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san shi: shi ne sautin harafin ذ na Larabci, wanda ake fitarwa da ɗora kan harshe a gefen haƙoran sama. Shi ne dai a cikin “father” da “mother”. Mu a Arewa mukan mayar da shi “z”, ’yan uwanmu na Kudu kuma su mayar da shi “d”. To, idan aka mayar da shi “d”, kalmar ta faɗa kan “ladder”, wato tsani. Wasalin farko kuma ya bambanta tsakanin ƙasashe: a Amurka gajere ne, kalmar ta yi amo ɗaya da “gather”, a kudancin Ingila da yawa suna jan sa, ta yi amo da “rather”. Dukansu karɓaɓɓu ne.

Babbar kishiyarta dai ita ce “leather”, fata da aka jeme. Harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce. Wanda ya saba zagaya layin ’yan takalma da jakunkuna, ko yake duba tallace-tallace a WhatsApp da Facebook, ba zai rasa ganin an rubuta “pure lather shoes” ba. A wurin mai saye na gida wannan ba komai ba ne, ya gane abin da ake nufi. Amma ɗan kasuwar da ke aika wa wani kamfani a Turai ko Asiya takardar neman ciniki da irin wannan rubutu, ya sani cewa abin da ya tallata shi ne takalman kumfa zalla, kuma wanda bai san shi ba da rubutunsa zai fara auna shi. Abin sha’awa, ita “leather” ɗin ta riga ta shigo Hausa ta wata ƙofa: ita ce ta zama “leda”, wadda yanzu ba fata take nufi ba, sai jakar roba da ake zuba kayan miya.

Akwai kuma “latter”, na biyu cikin abubuwa biyu da aka ambata, wadda ke yawan fitowa a takardun gwamnati. Da “later”, wato daga baya. Da “lathe”, injin da maƙera da kafintoci ke juya ƙarfe ko katako a kai suna fere shi. Na’urar gyara rubutu ta kwamfuta ba za ta ceci kowa a nan ba, domin kowace ɗaya daga cikinsu kalma ce sahihiya, ba za ta ja mata jan layi ba.

Inda ta samo asali

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, ta girmi zuwan Normawa Ingila a 1066. A Tsohon Turanci ana rubuta ta “lēaðor”, kuma a lokacin ba kumfa kaɗai take nufi ba, har da gishirin wanki, wani sinadari ɗan uwan kanwa da ake zubawa a ruwa domin ya cire maiƙo. Tsohon harshen mutanen arewacin Turai, kakannin ’yan Norway da Iceland, yana da ’yar uwarta, “lauðr”. Masana tarihin harsuna sun bi sawunta zuwa wani tsohon tushe mai ma’anar wankewa, wanda shi ne ya haifi “lavare” a Latin da “loutron”, wato wanka, a Girkanci. Ta hannun Latin ɗin ne Turanci ya samu “lavatory” da “laundry” da “lotion”, Faransanci kuma ya samu “laver”, wadda masu karatunmu na Maraɗi da Damagaram suka sani sarai. Ita kuwa “leather”, duk da kamannin, daga wani tushe daban ta fito. Kamar da wane ba ta wane ba ce.

Shi ma sabulu baƙo ne a bakinmu. Daga Larabci muka aro sunan, “sabun”, wanda shi ma yake da dangantaka da “sapo” na Latin. Marubucin Rumawa Pliny Babba, a ƙarni na farko Miladiyya, ya ambaci “sapo” a matsayin abin da mutanen Gaul, wato Faransa ta yau, ke haɗawa da kitse da toka. Duk wanda ya ga yadda ake dafa sabulun salo zai gane cewa dabarar ba ta sauya ba: mai da ruwan toka.

Me ya sa wani ruwan ba ya kumfa?

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne kalmar ta fi shafar aljihun ɗan kasuwa. Saman ruwa yana da wani ƙarfi da ke riƙe shi kamar an shimfiɗa masa siririyar fata, shi ya sa ƙananan ƙwari ke tafiya a kai ba su nutse ba. Ƙwayar sabulu kuma kai biyu gare ta, ɗaya yana son ruwa, ɗaya yana son maiƙo. Idan ta shiga ruwa sai ta sassauta wancan ƙarfin, ruwan ya iya miƙewa ya zama siraran bango da ke kulle iska a ciki. Taron waɗannan ƙananan ɗakunan iska shi ne kumfa. Yawanta ya danganta da irin man da aka yi sabulun da shi. Man kwakwa da man alayyadi suna ba da kumfa mai yawa cikin sauri, abin da ya sa masu masana’antar sabulu ba sa rabuwa da su. Kitsen dabba da man kaɗanya kuwa tasu ba ta tashi sosai, sai dai ta yi laushi.

Amma ko sabulun ya kai inda ya kai, akwai ruwan da ba zai yi kumfa a cikinsa ba. Matan gida sun san wannan tun kafin a zo da bayanin kimiyya: ruwan sama yana kumfa nan take, ruwan wata rijiyar ko burtsatse kuwa sai ya cinye rabin sabulu kafin a ga wani abu. Dalili shi ne ruwan da ya ratsa ta cikin dutsen farar ƙasa yana ɗauko sinadaran kalsiyam da magniziyam. Su ne ke kama sabulun su mayar da shi wani farin dusa-dusa da ke manne wa baho, wato “scum” ɗin da muka ambata. Sai sun ƙoshi tukuna ragowar sabulun zai fara kumfa. Turawa na kiran irin wannan ruwa “hard water”, kuma a littattafan kimiyya na sakandare ma’anar da ake ba shi ke nan: ruwan da ba ya saurin yin “lather” da sabulu. Ɗaliban da suka zauna jarrabawar kemistiri sun haddace wannan jimla, da yawansu ba tare da an taɓa gaya musu cewa kumfa ake nufi ba.

Har ma’auni aka yi da ita. A 1841 wani masanin kemistiri ɗan Scotland mai suna Thomas Clark, wanda ke koyarwa a Aberdeen, ya fito da hanyar tausasa irin wannan ruwa, tare da hanyar gwada shi. Ana ɗiga ruwan sabulu kaɗan-kaɗan cikin ruwan da aka auna, ana girgizawa, har sai an samu kumfar da za ta tsaya minti biyar ba ta kwanta ba. Yawan sabulun da aka ɗiga kafin a kai ga haka shi ne ke nuna nauyin ruwan. Ma’aunin da ake kira da sunan Clark ya daɗe ana aiki da shi a Birtaniya, ƙasar da ruwan babban birninta, Landan, yake da nauyi saboda farar ƙasar da ke ƙarƙashinsa, alhali na yawancin Scotland mai laushi ne.

Abin da ya kamata mai shago ya riƙe shi ne kumfa ba ita ce ke wanki ba. Kan ƙwayar sabulun nan mai son maiƙo shi ke kama dauɗa, ruwa ya tafi da ita. Kumfa alama ce kawai cewa akwai ragowar sabulu a ruwan. Kamfanoni sun san mai saye yana auna nagarta da ido, shi ya sa suke ƙara sinadaran tayar da kumfa a man wanke gashi da man goge baki, su kuma buga “rich lather” da manyan harufa a jikin kwali. A ɗaya ɓangaren, akwai kayan da aka rage musu kumfa da gangan. Garin wankin da aka yi domin injin wanki mai ƙofa a gaba yana cikinsu, domin kumfa mai yawa tana hana tufafi gogar juna, tana kuma iya ambaliya daga injin. Haka wasu mayukan aski da na wanke fuska, waɗanda za a ga an rubuta musu “non-lathering” ko “does not lather”. Sau nawa mai saye ya dawo da irin wannan kaya yana rantsuwa cewa jabu ne, don kawai bai ga kumfa ba? Mai shagon da ya iya karanta waɗannan kalmomi biyu zai yi bayani tun kafin a biya kuɗi, ya huta da rigima.

Kumfar doki

Ma’ana ta biyu ta bar banɗaki ta koma barga. Tun a ƙarni na 17 Turawa ke kiran farin gumin da ke fitowa a jikin doki bayan doguwar sukuwa da wannan suna. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahaya a ƙarshen Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa ya ga abin da idonsa: fari fat kamar an shafa sabulu, a wuya inda igiyar linzami ke gogawa, a gefen sirdi, da tsakanin cinyoyin baya. A Turanci sai a ce dokin yana “in a lather”, ko “lathered”.

Ashe kamannin ba na ido kaɗai ba ne. Doki yana cikin dabbobi ƙalilan da ke sanyaya jiki ta hanyar gumi mai yawa kamar ɗan Adam, sai dai shi gashi ya rufe masa fata, gashin kuma ba ya shan ruwa da sauƙi. Gumin da ya maƙale a ƙarƙashin gashi ba zai bushe ba, balle ya sanyaya. A 1986 masu bincike a Glasgow suka ware wani furotin daga gumin doki wanda ke aiki irin na sabulu: yana sassauta ruwan gumin ya ratsa gashi ya fito fili, iska ta ɗauke shi. Inda aka samu gogayya kuma sai ya yi kumfa. Sunan da suka raɗa masa shi ne “latherin”, daga wannan kalma tamu. Ana samun sa a yawun doki ma, wanda shi ne dalilin kumfar da ake gani a bakinsa idan yana tauna linzami.

A filayen tseren dawaki na Ingila, masu sharhi suna sa ido a kan dokin da ya yi wannan kumfa tun kafin a fara tsere. Bai yi gudu ba, amma ya jiƙe. Alama ce cewa ya tsorata ko ya ƙagu, yana ƙona ƙarfinsa a banza. Daga wannan hoto ne ma’ana ta uku ta fito.

Mutum a cikin “lather”

Zuwa ƙarni na 19 an ɗauke kalmar daga doki an ɗora wa mutum. “In a lather” na nufin mutum ya rikice, hankalinsa ya tashi, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Takan zo da “about” ko “over” kafin abin da ya jawo rikicewar. “Get into a lather” shi ne shiga wannan hali. “Work yourself into a lather” shi ne mutum ya yi ta zuga kansa da kansa har ya kai can. Idan kuma ɗan siyasa ya yi “whip the crowd into a lather”, to ya tunzura taro ke nan. Wannan ita ce ma’anar da ke cikin kanun da ya ruɗi abokin aikina, kuma a ƙarshe abin da muka buga shi ne: “Hankalin ’yan kasuwa ya tashi kan sabon harajin shigo da kaya.”

Jarabar da ke kama mai fassara ita ce ya ce “kumfar baki”, tunda ga kumfa can ga kumfa nan. Wani lokaci hakan na dacewa, amma ba kullum ba. Kumfar baki a Hausa magana ce, faɗa ne da tada jijiyar wuya. Takwararta ta kusa a Turanci ita ce “foam at the mouth”. Shi kuwa wanda ke “in a lather” yana iya yin shiru, abin na cin sa a ciki, kamar ma’aikacin da ke kai da komo a baranda saboda an ce masu binciken kuɗi na tafe. Kuma ba lallai ne abin ya zama na ɓacin rai ba. Matasan da suka ƙagu su ga fitowar sabuwar waya ko wasan ƙarshe na gasar ƙwallo ana iya cewa suna cikin wannan hali, a nan kuwa fassarar ita ce zumuɗi ko ɗoki. Ga wani abin da ke ba ni dariya duk lokacin da na tuna: a Turanci doki ne ya haifi ɗoki, a Hausa kuma lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi ta raba su. Mu da muke faɗa da masu rubuta mana “doki” a wurin “ɗoki” ba mu da bakin yi wa mai rikita “lather” da “leather” dariya.

Akwai wani ɗanɗano a cikin wannan salon magana da ƙamus ba ya cika bayyanawa, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga ma’aikacin gwamnati. Maganar ta hira ce, ba ta ofis ba, sannan tana ɗauke da ’yar zolaya. Mai faɗinta yana nuna cewa tashin hankalin ya fi abin da ya jawo shi girma. “Don’t get into a lather” daidai yake da a ce wa mutum, “Kwantar da hankalinka, abin bai kai ya kawo ba.” Saboda haka jaridar da ta ce ’yan majalisa suna “in a lather” ba rahoto kaɗai ta bayar ba, ta ɗan taɓa su. Bai dace a rubuta ta a takardar da za ta je teburin babban sakatare ba, musamman idan shi ake siffantawa, kuma babban kuskure ne a yi amfani da ita ga mutanen da ambaliya ta cinye wa gidaje ko aka sace wa ’ya’ya. A irin waɗannan wurare “concerned” ko “distressed” ko “alarmed” su ne suka dace. A ganina ma wanda ya rubuta wancan kanu na haraji bai yi wa ’yan kasuwar adalci ba, domin kuɗin fito ba abin zolaya ba ne ga wanda kayansa ke kan ruwa.

A lura kuma da ƙaramin bambanci: “work up a lather”, ba tare da “into” ba, yawanci kumfar sabulu ce ta zahiri, ko kuma gumin motsa jiki.

Sauran rassa

Aikatau ɗin ya yi wasu rassa biyu a maganar yau da kullum. Na farko shi ne lafta abu da yawa: a lafta man shanu a burodi, ko a lafta wa yaro man shafawa. A nan tana gogayya da wata kalma mai kama da ita, “slather”, wadda ta fi yawa a bakin Amurkawa. Na biyu, wanda ya tsufa amma ana gamuwa da shi a tsofaffin littattafan labari, shi ne lakaɗa wa mutum duka, ko lallasa abokin karawa a wasa. Kada wannan ya ba mu mamaki, mu da muke cewa an wanke wane da mari. A wannan ma’ana kaɗai ce abokin aikina zai iya samun sassauci, domin “leather” ma tana zama aikatau mai nufin a zane mutum da bulalar fata.

Sai jimlar nan ta kalmomi uku da aka daɗe ana bugawa a bayan kwalbar man wanke gashi: “Lather, rinse, repeat.” Wato a murza ya yi kumfa, a ɗauraye, a maimaita. Ta fita daga jikin kwalba ta zama habaici ga duk abin da ake ta nanatawa ba tare da sauyi ba: a kafa kwamiti, ya miƙa rahoto, a ajiye, a sake kafa wani. Masu rubuta manhajar kwamfuta suna barkwanci da ita, suna cewa wanda ya bi umarnin sau da ƙafa ba zai taɓa fitowa daga wanka ba, tunda ba a faɗi inda za a tsaya ba. Masu zargi kuma na cewa kalma ta uku dabarar ciniki ce, don kwalba ta ƙare da wuri. Idan aka ga jimlar a ƙarshen sharhin siyasa, marubucin yana cewa ne an sake komawa gidan jiya.

Akwai wata “lather” ta daban da ba ta da alaƙa da duk waɗannan, wadda mai duba takardun kwangilar gini na ƙasashen waje zai iya gamuwa da ita. “Lath” siraran katako ne ko ragar ƙarfe da ake kafawa a bango ko rufi domin filasta ta samu abin kamawa, kuma ma’aikacin da ke kafa su shi ne “lather”. Rubutu ɗaya ne, amma ita ana furta “th” ɗinta da sautin ث, kamar a cikin “bath”. A Amurka masu wannan sana’a sun daɗe da ƙungiyar ƙwadago tasu ta kansu, kafin ta narke cikin ta kafintoci a 1979. Idan aka gan ta a jerin ma’aikatan da za a biya, tsakanin birkila da mai fenti, albashin mai kafa raga ake magana.